Rijiyar Burtsatsen da Ta Tsaya Bayan Wata Shida: Nazarin Aikin Wata Ƙungiyar Taimakon Al'umma a Sakkwato

Ƙungiyar da ake magana a kanta ba babba ba ce. Mambobinta ba su haura arba'in ba, akwai 'yan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da wasu 'yan fansho, kowa na zuba kuɗin wata gwargwadon hali. Abin da suka saba yi shi ne rabon gero da sukari da azumi, biyan kuɗin maganin marasa galihu, da tara masu ba da jini idan an nema. Duk waɗannan ayyuka ne da ake gama su a rana ɗaya ko mako ɗaya, a tashi a watse. Da suka yanke shawarar haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola a wata sabuwar unguwa da ke gefen garin Sakkwato, inda bututun ruwan gwamnati bai kai ba, da wannan sabo na aikin rana ɗaya suka shiga. Matsalar daga nan ta taso, kafin ma injin haƙa ya iso.

An miƙa rijiyar a watan Oktoba, damina ta ɗauke ba da jimawa ba. Ta tsaya cak a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kuma azumi ya faɗo a daidai wannan tsakani.

Kuɗin da filin

Abu na farko da aka gyara tun kafin a fara aiki shi ne batun zakka. Mambobi biyu sun kawo zakkarsu suka ce a zuba a asusun rijiya. Limamin unguwar ya tsayar da su: aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina masallaci ko gada ko rijiya da ita. Aka ware kuɗin aka ba mabuƙata hannu da hannu, aka cike giɓin da sadaka. Wannan ya yi daidai. Abin da bai yi daidai ba shi ne sauran kuɗin da aka tara an kashe su har sisin kwabo a kan gini, da allon suna, da rumfa da kujerun ranar buɗewa. Ba a bar ko na sayen kan famfo ɗaya ba. Kuma duk kuɗin a asusun ma'aji na kansa suke zaune, domin ƙungiyar ba ta da rajista. Mutumin kirki ne, ba wanda ya zarge shi da komai, amma ranar da rijiyar ta lalace yana Kano, ba mai iya taɓa ko kuɗin wata da ya shigo.

Filin kuwa wani dattijo ne ya bayar da kusurwar fulotinsa, da baki, a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar. An ce Allah ya saka da alheri, an shafa fatiha. Saboda tsoron ɓarayi, aka girke farantan sola da akwatin kwantirola (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin jan ruwa) a cikin katangar gidansa, kawunan famfo kaɗai ke waje. A fiƙihun Malikiyya, waƙafi bai kankama ba sai ya fita daga hannun mai bayarwa an karɓe shi tun yana raye da lafiyarsa. In ya rasu abin na hannunsa, magada na da bakin magana. A nan kuwa ba takarda, ba alamar iyaka, rabin kayan ma na cikin gidansa. Ko mutuwa ba a kai ba: dattijon ya tafi Umara, babban ɗansa ya kulle ƙofa saboda hayaniyar yara, aka yi kwana tara ba wanda ya ga farantan balle ya goge su.

Yadda aka haƙa

An ba ɗan kwangila aikin ne a dunƙule, haƙa da bututu da sumo (injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama) da tanki, aka zaɓi wanda kuɗinsa ya fi sauƙi. Araha ba ta ado. Ya haƙa mita 80, ruwa ya yi tsartuwa sama, jama'a suka yi kabbara, aka ɗauki hoto. A wurin mambobin ƙungiyar aiki ya kammala ke nan. A wurin mai sanin rijiya kuwa a nan ake fara shi.

Abubuwa huɗu aka tsallake, kowanne kuma ya dawo da kansa daga baya.

Wankin rijiya. Bayan an zura bututun kesin (babban bututun da ke riƙe bangon ramin), da ɓangarensa mai tsaga-tsaga inda ruwa ke shigowa (a nan yana tsakanin mita 62 da 74), ana zuba tsakuwa wankakkiya mai girma ɗaya a kewayensa domin ta tace yashi. Daga nan a hura iska da kwamfuresa har ruwan ya fito garau, in an tara a farin bokiti ba a ga komai ya kwanta ba. Wannan kan ci sa'o'i da yawa, wani lokaci yini guda, kuma gas yake ci, shi ya sa 'yan kwangila ke gajarta shi. A wannan rijiya bai kai awa ɗaya ba, tsakuwar ma ta gini ce aka zuba, manya da ƙanana a haɗe.

Gwajin ƙarfin ruwa. Ana zura sumo na gwaji, a auna inda ruwa ya tsaya kafin a kunna, sannan a ja ruwa ba tsayawa, mafi kyau awa 24, ana auna yadda yake sauka da kuma lita nawa ke fita a awa. In an kashe, a auna tsawon lokacin da zai koma inda yake. Wannan gwaji ne ke faɗin girman sumon da za a saya da zurfin da za a rataye shi. A nan an sayi sumon tun kafin a fara haƙa, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wato kimanin wat 1,100, saboda wani mamba ya ce gara babba.

Na'urar tsayar da sumo idan ruwa ya sauka. Ƙaramar aba ce da ake ɗaurawa a saman sumon, a haɗa wayarta da kwantirola. Ta zo a cikin kwali. Daga baya an same ta a cikin kwalin, da ledarta.

Toshe bakin rijiya. Mitocin farko na sama ana cike kewayen bututun da siminti, a yi daɓe mai gangara a ƙasa, don kada ruwan kwata ya bi jikin bututun ya gangara ciki. An yi daɓen saboda ido na ganinsa, ba a yi cikon ba.

Lissafin da ba a yi ba

Ƙungiyar ta ƙirga gidaje 90. In aka ɗauki mutum takwas a gida, mutum 720 ke nan. Mafi ƙarancin abin da masu aikin agaji ke ƙiyasta wa mutum ɗaya a rana, na sha da girki da tsafta, lita 15 ne, wato lita 10,800 a rana. A takarda sumon na iya ba da lita 3,000 a awa, in rana ta yi aiki awa shida lita 18,000. Kamar ma da rara.

Amma farantan huɗu ne masu wat 300, jimilla 1,200. Sumo mai wat 1,100 na buƙatar farantan da suka fi ƙarfinsa da kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100, domin lambar da ke rubuce a bayan faranti an auna ta ne yana kan zafin digiri 25. Kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma faranti a tsakar ranar bazarar Sakkwato na iya kaiwa digiri 65. Kashi 16 ya tafi ke nan tun ba a yi maganar ƙura ba. Ƙurar hunturu kuwa kowa ya san yadda take kwanciya a gilashin mota cikin dare ɗaya. Daga Disamba sumon ya koma ba ya tashi sai wajen ƙarfe goma, ya kwanta kafin La'asar.

Tankin ɗaya ne, lita 5,000, ba shi da abin da ke kashe sumo in ya cika. Mutane na ɗibar ruwa ne da sassafe da kuma yamma, rana kuwa tsakiya take aiki. A watannin farko sai tankin ya cika da azahar ya riƙa ambaliya a ƙasa, da asuba kuma a same shi wayam.

Sannan masu ɗiba ba 720 ba ne. Ruwan kyauta ba ya ɓuya. 'Yan ga-ruwa suka gano wurin: kura ɗaya mai jarka 12 ta lita 25 tana kwashe lita 300, kura goma in kowace ta yi sawu uku lita 9,000 ke nan, kusan duk abin da aka ware wa unguwar. Ga masu buga bulo a sababbin fulotai, ga masu kiwon raguna. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, tunda ba a taɓa cewa ga mai ɗiba ga wanda ba zai ɗiba ba. Abin takaicin shi ne matar da ke cikin gida, wadda dominta aka yi rijiyar, ta koma sayen ruwan rijiyar daga hannun mai kura.

Yadda sumon ya ƙone

Da azumi ya kama, layi ya yi tsawo, wasu samari masu kyakkyawar niyya suka karɓo aron janareto. Sumon irin mai karɓar sola da wutar janareto ne, don haka ya yi ta aiki da cikakken ƙarfi daga bayan sahur har dare. Kwana biyu unguwa ta yi murna.

Ga abin da ke faruwa a ƙasa, kamar yadda awon da aka yi daga baya ya nuna. A Oktoba ruwan na tsaye a mita 30. In sumon ya ja lita 3,000 a awa, ruwan kan sauka mita 13, ya tsaya a 43. An rataye sumon a mita 45, tazarar mita biyu kacal. Zuwa Afrilu ruwan ƙasa ya ja baya zuwa mita 34, kamar yadda yake yi kowace bazara. Ƙara 13, ya zama 47, ƙasa da bakin sumon. Ruwan da ke bin jikin sumo shi ke sanyaya shi; in ya shaƙi iska sai ya yi zafi. Ƙarancin wutar sola ne ma ya yi ta ceton sa a watannin baya, domin bai taɓa samun ƙarfin da zai janye ruwan har can ba. Janareto ya ba shi wannan ƙarfin, na'urar da za ta tsayar da shi kuma tana cikin kwali.

Alamu sun bayyana, ba wanda ya san fassararsu. Ruwa ya riƙa fitowa yana tari, ya zo ya ɗauke. Yashi na kwanciya a gindin bokiti. Da aka ciro sumon, an tarar da fukafukan cikinsa yashi ya cinye su, wayar cikin motar ta ƙone. Mahaɗin wayar ma da salatif aka naɗe shi maimakon abin haɗi mai hana ruwa shiga, kuma ba igiyar tsaro. Bututun kaɗai ke riƙe da shi. Da ya tsinke ya faɗa ƙasan rijiya, da labarin ya fi haka muni.

Mako uku rijiyar na tsaye. Mutanen unguwa na cewa ta ƙungiya ce, ga sunansu nan a allo. 'Yan ƙungiya na cewa ai mun miƙa. Ɗan kwangila ya ce ba shi ya ce a sa janareto ba, kuma ba wata takarda da ta ɗora masa gyara. A taron da ya biyo baya wani dattijo cikin mambobin ya tuna musu cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka sake zuba kuɗi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka kashe da farko.

Gyaran

Wannan karon injiniyan ruwa suka ɗauko wanda ba shi da alaƙa da mai sayar da kaya, aka biya shi kuɗin aikinsa daban. Ya sa aka sake wanke rijiyar da kwamfuresa yini guda, aka yi gwajin awa 24. Sakamakon ya nuna in an tsaya a lita 2,000 a awa ruwan na sauka mita tara ne kawai, ya tsaya a 43 ko a tsakiyar bazara, yashi kuma ba ya biyowa. Tsakuwar da aka zuba ba daidai ba ba ta ciruwa, don haka maganin yashin shi ne a daina fizgar ruwan da ƙarfi.

Aka sayi ƙaramin sumo mai doki ɗaya, wat 750, aka rataye shi a mita 55: mita 12 ƙarƙashin inda ruwa ke sauka, mita bakwai sama da bututu mai tsaga. Ba a son sumo ya zauna daidai tsagar, domin a nan yake tsotso yashi kai tsaye. Aka sa na'urar tsayarwa, igiyar tsaro, bawul mai hana ruwa komawa, da abin kashe sumo a cikin tanki. Farantan nan huɗu da suka yi wa babban sumo kaɗan, yanzu sun ninka ƙarfin ƙaramin sau 1.6, ba a ƙara ko ɗaya ba. Lita 2,000 sau awa shida, 12,000, ya rufe buƙatar gidaje 90 da ɗan saura. Mamban da ya ce gara babba bai ji daɗi ba, amma lissafi ba ya jin kunyar kowa.

An fito da farantan daga gidan dattijon aka ɗora su a kan ƙarfe kusa da tanki, aka kewaye da waya da ƙofa mai kwaɗo, aka yi wa kusoshin walda. Suna fuskantar kudu da karkata kamar digiri 15, tunda Sakkwato na wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. In an shimfiɗa su kwance ƙura da ruwan sama ba sa zubewa. An kafa sandar ƙarfe a ƙasa saboda tsawa. An fasa daɓen aka cike bakin rijiyar da siminti, aka zuba sinadarin kilorin a rijiya da tanki ya kwana, aka zubar, sannan aka kai ruwan ɗakin gwaji. Masai mafi kusa na da nisan da ya haura mita 30, wanda shi ne mafi ƙarancin tazarar da ake so. Ruwan na barin farin ɓawo a buta, abin da ba baƙo ba ne a yankin da ke da dutsen farar ƙasa irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina. Ba ya hana sha, sai dai yana toshe kan famfo, shi ya sa ake kwance su a kankare lokaci lokaci.

Takardu sun fi ƙarfe wuya

Da dattijon ya dawo, limami da mai unguwa suka same shi. Ba a ce masa ana shakkar 'ya'yansa ba. An ce masa, ranka shi daɗe, ana son ladan ya ɗore ko bayan ranmu duka. Aka auna wurin, aka kafa duwatsun iyaka, aka rubuta takardar waƙafi da sa hannunsa da na manyan 'ya'yansa biyu da shaidu, aka kai wa uban ƙasa kwafi. Jihar Sakkwato na da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma duk ƙungiyar da za ta kafa irin wannan abu ya kamata ta fara bi ta can neman shawara. Ita ma ƙungiyar ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC) a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta buɗe asusu da sunanta wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun karɓar kuɗi. Wasu mambobi sun ce sadaka ce mai gudana, kamar rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmin Madina, yaya za a sayar? Malamin da aka tambaya ya nuna musu cewa malaman Malikiyya na gabatar da gyaran waƙafi daga abin da yake samarwa kafin komai, domin in ya lalace ba sauran mai amfana. Aka tsaya a kan haka: mai ɗiba da bokiti ko jarka don gidansa ba ya biyan komai. Mai kura na biya a kan kowace jarka, ƙasa da rabin abin da ake karɓa a rijiyoyin 'yan kasuwa, kuma ba ya ɗiba sai tsakanin ƙarfe sha ɗaya da biyu, lokacin da tanki ke cika yara kuma na makaranta. Masu bulo an hana su daga Maris zuwa saukar damina. Janareto ba a haramta shi ba, amma sai ranar da hazo ya rufe rana, kuma kada ya wuce awa uku.

Kwamitin mutum bakwai aka kafa, biyar daga unguwa, biyu daga ƙungiya. A cikin biyar ɗin akwai mata biyu, wata malamar Islamiyya da wata ungozoma. Su ne suka faɗi abin da mazan ba su lura da shi ba, cewa yara ƙanana ne da almajirai ke ɗibar mafi yawan ruwan, kuma kawunan famfon sun yi musu tsawo, sai sun rataya a jiki kafin su murɗa. Abin da ke karya su ke nan, ba ɓarna ba. Aka sauke biyu daga cikin huɗun, aka canza su da na tagulla.

Aikin gayya ma an sake masa fasali. Ranar buɗewa mutum talatin ne suka zo da riguna iri ɗaya. Bayan nan ba wanda aka ce ranar kaza taka ce. Yanzu akwai jadawali a manne cikin ƙofar wayar. Goge faranti sau biyu a mako da hunturu, sau ɗaya sauran lokaci, da tsumma mai laushi da ruwa zalla, da sassafe ko bayan La'asar, domin ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗau zafin rana na iya tsaga shi. Duk Juma'a a tari ruwa a farin bokiti a duba yashi, a kuma ƙirga daƙiƙa nawa jarka ke ɗauka ta cika daga bututun da ke hawa tanki: a lita 2,000 a awa, jarkar lita 25 daƙiƙa 45 ce. In ta haura minti ɗaya da tsakar rana kuma farantan a goge suke, a kira mai gyara tun sumo bai tsaya ba. Wankin tanki duk wata shida. Buɗewa da rufewa da karɓar kuɗin kura kuwa ba a bar su ga gayya ba, an ɗauki mutum ɗaya ana ba shi ɗan alawus, domin aikin kullum ba ya tafiya da a-taimaka.

A nata ɓangaren ƙungiyar ta rubuta a kundinta cewa duk aikin gini da za ta sake yi, kashi 15 cikin 100 na kuɗin zai zauna a asusun gyara, kuma za a riƙe kashi 10 na kuɗin ɗan kwangila sai rijiya ta ga bazara ɗaya.

Abu biyu sun rage. Ruwan da ke zuba a gindin famfo har yanzu yana taruwa a bayan katangar maƙwabci. An haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi aka cika da duwatsu, amma ƙasar wurin ba ta shan ruwa da sauri, ana tunanin jan kwata zuwa kwamin shayar da dabbobi. Sai tanki na biyu, wanda shi ne zai kawar da layin asuba. Ƙarfen da ke ɗauke da na farko an yi shi ne don tan biyar, nauyin lita 5,000, ba zai ɗauki goma ba, don haka sai an gina wa sabon dakalinsa na bulo. Kuɗin kura na wata huɗu sun sayi bulo da siminti. Tankin kansa sai bayan Babbar Sallah.